Tsohuwar da Ke Raba wa Tsuntsaye Suna

Ƙauyenmu yana bayan Ruwan Godiya, jikin gandun dajin gwamnati, inda ba a yarda a sare ko reshe ba. Can kakata Iya Delu take shiga da ni da hantsi in damina ta zauna. Da sunan tsinkar tafasa muke fita, amma rabin tafiyar tsayuwa ce. Sai ta damƙe min hannu ta ce, "Tsaya, Rabi. Ga cilakowa can bisa kanya." Mu ƙara gaba ta nuna min albasar kwaɗi ta fidda farin fure, ko bado shimfiɗe kan tafki. Ran da muka ci karo da burtu biyu suna taku kamar masu unguwa, sai da ta zauna ƙasa don dariya.

Bayan magariba mukan kewaye murhu muna gasa masara. Ran nan ta gyara zama ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya nan ta iso."

Wai a da tsuntsaye ba sa riƙe sunayensu, in sun kwana sun manta. To akwai wata tsohuwa a bakin daji. Kowace safiya sai su taru a ƙofar bukkarta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya: ke ce hasbiya, kai ne carki, ke ce fakara. Sannan kowa ya tuna abincinsa da hanyar sheƙarsa. Ana nan sai ɗanta ya zo daga birni ya tafi da ita, wai ta tsufa da zama ita kaɗai. Gari ya waye, tsuntsaye suka tarar da bukka a rufe. Suka jira har rana ta take, suka watse. Kurciya ce kaɗai ta ƙi tashi, har yau tsohuwar take kira.

Na ce, "Iya, ta dawo?"

"Wa ya ga ta dawo? Juya masararki, za ta ƙone."

Shekarar da 'yan bindiga suka mamaye dajin, Baba ya kwashe mu zuwa Ƙanƙara. Duk damina Iya sai ta ce masa, "Ɗan nan, kai ni in ga tafki, ko daga bakin hanya ne."

Shi kuma ya sunkuyar da kai. "Inna, ki yi haƙuri, hanya ba ta biyuwa."

A damina ta uku Allah Ya karɓi abarsa.

Ina yarinya tsuntsayen nake tausaya wa. Sai da na girma na tuna ba wanda ya tambayi yadda tsohuwar take wayar gari a birni, baki cike da sunaye, ba mai karɓa.

Jiya ɗiyata ta nuna min wani abu kan wayar lantarki, shuɗi mai doguwar wutsiya. "Mama, yaya sunan wancan?"

Na san an taɓa faɗa min. Na daɗe ina kallonsa har ya tashi.

Na ce, "Tsuntsu ne."