Ragon da Ya Fitar da Malam Lado

Malam Lado mutumin Buji ne, amma a Dutse ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ya zo garin tun jihar tana sabuwa, aka danƙa masa makullin motar wata ma'aikata, daga nan fa sai zama. A zaune zai kai oga Kano, a zaune zai jira shi, a zaune zai dawo da shi. Matarsa Bilki, Allah ya jiƙanta, takan ce, "Malam, ranar da gwamnati za ta karɓi motar nan sai dai ta haɗa da kai, don kun manne."

Gwamnati ta karɓi motarta ta bar shi. Damina na zagayowa Bilki ta rasu. 'Yan matan suna ɗakunan mazajensu, babban ɗansa Faisal yana aiki a Kano, sai ya rage daga Malam Lado sai rediyo a gidan nan na Takur. Ya ci gaba da abin da ya iya, wato zama, sai dai yanzu babu inda zaman ke kai shi.

Gwiwa ce ta fara yi masa tawaye. Wata Juma'a ya yi sujada ya kasa tashi, sai da mutum biyu suka kama shi. Tun daga ranar aka ajiye masa farar kujerar roba a ƙarshen sahu, kusa da inda ake tuɓe takalma. Kada ku ɗauka ciwon ne ya fi cin ransa. Abin da ke cin ransa shi ne liman ya yi kabbara, jama'a duk su zube ƙasa, ya rage shi kaɗai a sama yana kallon bayan mutane. Buri ɗaya ya rage masa a duniya, ya sake ɗora goshinsa a ƙasa kafin a ɗora shi a makara.

Likita ya duba shi ya ce, "Baba, gwiwarka ba ta mutu ba. Kaya ne ya yi mata yawa, kuma ta manta aiki. Ka riƙa takawa a ƙasa kullum da safe."

Magana mai sauƙi a bakin likita. Amma wa zai bar dattijo ya taka a garin nan? Safiyar farko ko kwanar layinsu bai sha ba, sai ga Ashafa ɗan acaɓa ya ci birki a gabansa.

"Haba Baba! Ina raye kana taka ƙasa? Kai da ka sha kwasar mu a motarka muna 'yan makaranta? Hau."

"Tafiya nake, Ashafa. Likita ne ya ce..."

"To hau in kai ka wajen likitan."

Ga mutane a teburin mai shayi suna kallo, kuma mayar da hannun alheri a bainar jama'a ba halin manya ba ne. Malam Lado ya hau. Da aka tambaye shi ina aka nufa sai ya rasa ta cewa, ya ce kasuwa. Ya sayo dabinon da ba ya bukata, aka dawo da shi har ƙofar gida.

Haka aka yi ta yi. In ya tsere wa babur, mota ta tsaya. In ya tsere wa mota, wani ya hango shi daga zaure ya shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a gaisa har rana ta take. Da ya koma bin lunguna don ya kauce musu, sai magana ta tashi. Maƙwabcinsa Alhaji Gaji, Babarbare ne daga wajen Haɗeja kuma abokin wasansa, ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Bafillace, an ce an gan ka bayan gari kana auna hanya. Kwangila aka ba ka, ko shanun kakanka kake nema?"

"In na gano su kai zan ba kiwo, bawan gidanmu."

Wannan wasa ne, an yi dariya. Wanda ba wasa ba shi ne wayar Faisal. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Baba, an ce ana ganinka kana yawo kai kaɗai, ba inda za ka. Tun rasuwar Umma dai... ko in zo mu ga wani malami?" Malam Lado ya ce lafiyarsa lau. Ya ajiye wayar. Ashe har an fara yi masa kallon mai taɓin hankali. Ya tura takalman tafiyar ƙarƙashin gado, ya koma zamansa.

Bayan kaka, wata rana Ashafa ya ɗauko shi daga asibiti, suka wuce wani tsoho da ya girmi Malam Lado, yana jan tunkiya a gefen titi. Ashafa ya ɗaga masa hannu kawai ya wuce.

"Shi wannan me ya sa ba ka tsaya masa ba?"

"Haba Baba, mai kiwo ai a bakin aikinsa yake. Kuma ina zan ɗora tunkiyar?"

Malam Lado ya riƙe wannan magana a ransa. Ranar kasuwar Shuwarin ya je ya sayo ɗan rago fari mai baƙin kunne, da igiya sabuwa.

To fa, nan duniya ta sake. Mutumin da jiya ake tausaya masa, yau sai "Sannu da aiki, Baba," a wuce. Ba mai tsayar da babur, ba mai shimfiɗa tabarma, don kowa ya san dabba ba ta jiran hira. Ya sa wa ragon suna Oga, tunda dai shi ke zaɓar hanya. "Oga, yau ina muka nufa?" Sai su bi ta bayan gidaje, su ratsa ta ƙarƙashin dabinai, su gangara gonakin da aka girbe a gindin duwatsu, rago na tsintar harawa, mai rago na haki.

Akwai safiyoyin da gwiwa ke zafi, jiki ya ce yau dai a huta. Amma rago bai san uzuri ba. Ana idar da asuba zai fara kuka yana tunkuyin ƙyauren langa-langa har sai an kwance shi. Da farko shi ke jan Malam Lado. Kafin azumi an koma tafiya kafaɗa da kafaɗa, bayan azumi kuwa Malam Lado ne a gaba. A hanya yakan ba shi labari, na ramukan tsohuwar hanyar Ringim, da na yadda Bilki ke dama kunun gyaɗa. Rago yana tuƙa yana saurare, bai taɓa ce masa a je a ga malami ba.

Wando ya fara yi masa yawa. A masallaci ya koma tayar da salla a tsaye, har ruku'u, amma in an zo sujada sai ya koma kujera. Tsoron ranar Juma'ar nan bai sake shi ba.

Jajiberin babbar salla Faisal ya iso da matarsa da yara. Yana shiga ya ga rago ya cika ya batse.

"Kai, Baba! Ashe shiri kake mana a ɓoye. To ni ma na fasa sayen nawa."

Ta yaya dattijo zai ce wa ɗansa ragon nan abokin hirarsa ne? Ɗan da dama yake zargin kansa ya taɓu?

Da aka sauko daga idi aka haƙa rami, aka kayar da Oga. Faisal ya ce bari ya kira liman kamar bara, tunda Baba ba ya iya durƙuso.

"Ba ni wuƙar."

Malam Lado ba ya son hannun wani ya taɓa ragon, shi ke nan dalilin. Ya tattare babbar riga, ya sauka ya kafa gwiwa a ƙasa, ya shafa wuyan ragon ya daɗe, ya yi bisimilla. Da ya gama ya miƙe ya nufi randa. Yana wanke hannu ya ji Faisal a bayansa yana cewa, "Baba, da kanka fa ka tashi." Aka kawo gasasshiyar hanta, ya gutsura don sunna, ya tura wa jikoki sauran.

Baƙi suka koma Kano, gida ya yi tsit. Washegari ba kuka, ba tunkuyi, amma ƙafafun suka ƙi zama. Ya fita shi kaɗai, ya bi hanyar da suka saba, hannunsa na dama a dunƙule ba komai a ciki. Mutane sun riga sun saba ganinsa, suka gaishe shi suka wuce. Gobe ma ya fita, jibi ma haka.

Wata ranar Talata da magariba ya shiga tsakiyar sahu. Liman ya yi kabbarar sujada, Malam Lado ya sauka tare da jama'a, goshinsa ya taɓa ƙasa. Ya tashi tare da su. Bayan sallama ya tayar da nafila, ya yi sujadar da har masallaci ya kusa watsewa bai ɗago ba. Da ya idar sai ya ga Alhaji Gaji tsugune a gefensa.

"Bafillace, wallahi na ɗauka a haka ka tafi."

"Da kuwa na more."

Gaji ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya wuce gida inda tuwo da iyali ke jiransa. Malam Lado ya tako a hankali zuwa nasa gidan. Ya tura ƙofa, ya yi sallama kamar yadda ya saba, ya ɗan tsaya. Labari ne cike da bakinsa. Ya duba ɗakuna uku a rufe, sai ya shimfiɗa darduma a tsakar gida, ya sake tayar da wata sallar.