Azarar Ɗakin Yayata

A makarantar mishan aka koya mini cewa itacen gini daga ciki yake lalacewa. Rana tana tsaga shi, ruwa yana bin tsagar, ruɓa ta kama zuciyarsa alhali bayansa sumul. Saboda haka duk bazara nake zaga ɗakunan gidanmu na Matankari da sanda, ina ƙwanƙwasa azara, ina saurare. Lafiyayyar giginya amo take yi kamar ƙarfe.

Bara na shiga ɗakin yayata, wadda mijinta ya rasu ya bar ta a soron da ya gina da hannunsa. Na san tarihin azarar nan. Ta sha rana da ruwan sama a yashe bayan rumbu kafin a ɗora ta. Na yi masa magana a lokacin, bai ji ba. Daga baya ɗansu ya zo daga Dogon Dutsi ya shafe rufin ƙasar da siminti, wai don kada ya yi yoyo. Simintin ya tsattsage. Ruwa yana shiga, amma ba shi da hanyar fita, domin ƙasar ta daina shan iska.

Na bugi ta tsakiya, ta amsa kamar buhun dusa. Na sa wuƙa inda bakinta ya shiga bango, wuƙar ta nutse ban danna ba. Wani baƙin gari mai danshi ya zubo bisa gadonta.

"Yaya, ki kwashe kayanki ki dawo sashena kafin ruwan fari."

"Kai dai ɗan lakwal, ɗan boko, ba ka rabo da ganin aibu. Ko fura aka ba ka sai ka nemo mata laifi."

"Ba wasa nake ba. Ta ruɓe."

"Ta fi ka ƙarfi, tsoho. Marigayi mai ɗakin ya ce za ta ga jikokin jikokinsa."

Na sa aka kafa gwafar kirya ta tallafi tsakiyar. Na san ba magani ba ce, tunda ciwon a bakin bango yake. Ita kuwa yayata ta rataya ludayinta a jikin gwafar.

Da la'asar ɗin wata Laraba gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta tsaya cik, kaji suka shige ƙarƙashin rumbu. Ɗigon farko na sauka ta naɗe tabarmarta, ta dube ni, ta shige ɗakin ta saki asabari.

Na ɗauki kujerata na bi ta. Na zauna dab da ƙofa, inda hannuna zai iya kaiwa ga nata.