Anti Jibi, Mai Ɗigo a Bayan Kunne

Kafin ta kunna fitila, kafin ta ɗauki tsintsiya, tagogi take fara buɗewa. Duk mai bi ta layinmu da safe ya san haka. Za ka ji ƙarar sakata, ka ga wata dattijuwa siririya tana tura taga da gwiwar hannu, sannan ta kunna fanka ta juya ta waje. Daga nan ta sauko da kwalabe da gwangwanayen rini daga kanta, ta ɗaga kowanne kusa da ido tana duba ranar lalacewarsa, sai ka ce ba jiya ta duba ba. Tawul masu duhu gefe guda, farare gefe guda. Kwalin safar hannu kuwa a gaban madubi yake zama, inda ba wadda za ta ce ba ta gani ba. Sai ta gama duk wannan take amsa gaisuwa da kyau.

Wannan ita ce Anti Jibi, mai shagon gyaran gashi da ke tsakanin mai ɗinki da mai gyaran waya. A watan nan ta ajiye aiki, ni kuwa na ce wallahi ba za ta koma gida shiru ba, sai na gaya wa mutane ko ita wace ce. Na daɗe ina zama a kujerarta, kuma a hannunta ƙanwata ta koyi sana'a, don haka ba jita-jita zan ba ku ba.

Bari in fara da sunan. Aikin da aka fi saninta da shi shi ne rinin gashi na ɗan lokaci, irin wanda ake fesawa ko a shafa, ja ko shuɗi ko ruwan zinare, a wanke kai ya fita. Mutane sun ɗauke shi wasa, wai ai ba mai zama ba ne. Ita ba ta taɓa ɗaukarsa wasa ba. Ki zo mata da zumuɗinki, sai ta ɗebo ɗan mitsitsi a auduga, ta ɗiga miki a bayan kunne, ta ce, "Kar ki wanke wurin. Ki dawo jibi." Daga nan sunan ya fito. In kin dawo aka ga wurin lafiya lau, ta yi miki aikin da za ki kasa barin madubi. In ya yi ja ko yana ƙaiƙayi, ko kuka za ki yi ba za ta taɓa kanki da wannan rinin ba.

Ranar da ta fara yi mini haka na ce, "Haba Anti, taron fa gobe ne!"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "To da kin zo shekaranjiya."

Na fita ina ƙunƙuni, kuma ba ni kaɗai ba. Mata nawa suka fice suna tsaki, suka tafi inda za a fesa musu nan take? Ita dai ta bi su da "a sauka lafiya", ta ci gaba da wanke matajinta.

Amma ku tambayi malamar firamaren da ke bayan layinmu. Ita da kanta ta nuna mini bayan kunnenta, wurin ya tashi ya yi jawur kamar harbin zuma. Ta ce, "Yaya, ɗigo ɗaya ke nan fa. Ina ga a ce kaina duka aka shafe?" Ku tambayi matar mai ɗinki, wadda ta kawo 'yarta a yi mata shuɗi don wasan makaranta. Anti ta tsaga gashin yarinyar da wutsiyar mataji, ta ga ɗan gyambo a fatar kai inda yarinyar ta sosa. Ta rufe gwangwani ta mayar kan kanta. Yarinya ta fara matsar ƙwalla, sai Anti ta ɗauko zare shuɗi ta saƙa mata a cikin kitso. Yarinyar ta fita tana juya kai kowa ya gani, uwar kuma har yau tana ba da labarin.

Wanda bai san dalilin wannan taurin kai ba, ya dubi hannayenta. Lokacin da ta koyi aiki tana budurwa, ba wanda ya ce mata ta sa safa. Da tsirarin hannu ta yi ta damun rini da man gashi shekara da shekaru, har fatar ta gaji. Yanzu yatsunta a tsage suke, in ruwan sabulu ya taɓa su sai ta cije leɓe. Su ne suka sa ta ajiye aikin, ba tsufa ba, don ƙarfinta har yanzu ya fi na wasunmu.

Anti, ke ce kika sha wuyar da ba wanda ya gargaɗe ki a kanta, kika hana ta kai ga waɗanda suka zo bayanki. Ke ce mai ɗaga hannayen nan a gaban kowace sabuwar ɗaliba ki ce, "Kalle su da kyau, sannan ki sa safa." Ba ki taɓa ɓoye su a mayafi don kunya ba. Ina jinjina miki, kuma ina faɗa da babbar murya.

Yanzu ga zancen ƙanwata, wadda kowa ke kira Maman Biyu. Mijinta ya rasu ya bar ta da tagwaye, ba ta da sana'a sai haƙuri. Ni na kai ta wurin Anti. A kan wani kan roba mai gashi ta fara koyo, tagwayen har suna suka sa masa. A kansa ta koyi shafa basilin a bakin goshi da saman kunne don kada launi ya kama fata. Ta koyi rufe fuska da tawul kafin feshi, da ja da hannu baya, da barin gira da gashin ido ko da mai kai ta roƙa. Ta koyi cewa gashin da aka taɓa kashe wa launi yana riƙe rini ya ƙi saki, don haka sai an gwada a ɗan sili tukuna. Hannunta ya faɗa da wuri, har Anti da ba ta cika yabo ba ta ce, "Wannan ta iya."

Matsala ɗaya ce. Ƙanwata ba ta san kalmar "a'a" ba. Tun muna yara haka take, ka ce mata rana ta fito daga yamma, ta ce "to". Rannan Anti ta leƙa waje ta dawo, ta tarar wata mata ta marairaice wa ƙanwata, har ƙanwar tawa ta ɗora wa matar tawul a kafaɗa tana girgiza gwangwani, ba gwaji ba komai. Anti ta karɓe gwangwanin, ta ba matar haƙuri, ta sallame ta. Sannan ta juyo.

Ta ce, "Maman Biyu, hannunki ya iya, bakinki ne bai iya ba. Na yi niyyar bar miki shagon nan. Amma gara in rufe, mai waya ya fasa bango ya haɗa da nasa, da in bar shi a hannun wadda za a yi wa ɗan murmushi ta kumbura fuskar 'yar mutane."

Kuma da gaske take, don mai wayar har ya fara zuwa yana auna bangon da ido. Ƙanwata ta zo gidana ta yi kuka ta ƙoshi. Ta ce, "Yaya, in shagon nan ya kuɓuce mini, me zan ce wa yaran nan?" Na miƙa mata ruwa.

Aka zo ranar da muka shirya wa Anti ɗan taron sallama a shagon, har lokacin ba ta ce ga wanda za ta ba makulli ba. Da safe muna hura balan-balan muna jera kujeru, sai ga ta da sabon gwangwani a leda, ja mai duhu, irin wanda ba a taɓa kawowa shagon ba. Ta zauna a kujerar masu gyara, abin da ban taɓa gani ba, ta zame ɗankwali. Kai fari fat.

Ta ce, "Na gama rayuwata ina yi wa mata ado, ban taɓa yi wa kaina ba. Maman Biyu, zo ki fesa mini. Yau ni ma a kalle ni."

Shago ya ɗauki shewa. Matar mai ɗinki tana tafi, ni ina cewa, "Ke, yi mata mana, me kike jira?" Ƙanwata ta sa safa, ta karɓi gwangwanin, ta juya shi ta karanta. Sai ta miƙa ɗaya hannun ta ɗauko auduga.

"Anti, juyo da kunnenki."

"Ke, ni ce fa. Ni na koya miki."

"Na sani, Anti. Shi ya sa."

"Taron yau ne, ba ki ga an jera kujeru ba?"

Ƙanwata ta gyara riƙon audugar. Muryarta ƙasa-ƙasa, idonta a kan tayil, ta ce, "To da kin zo shekaranjiya, Anti."

Dariya ta ƙwace wa malamar firamare, ta toshe baki. Anti kuwa ba ta yi dariya ba. Ta dubi ƙanwata ta cikin madubi, ta daɗe tana dubanta, sannan ta karkata kai aka ɗiga mata. Ta ɗaura ɗankwalinta ta tashi. Haka aka yi taro aka watse, an yi jawabi an sha lemo, ba ta ce uffan a kan makulli ba. Na raka ƙanwata gida tana cewa, "Shi ke nan Yaya, na ɓata mata rai a ranarta."

Da jibin ta zo, ƙanwata tana buɗe tagogi ina taya ta, sai ga Anti. Ba ta ko zauna ba, ta ɗage ɗankwali ta juya mana kunne. Wurin ya kumbura ya yi ja, har ya fara ruwa. Fatar da ta gaji a hannu, ashe ta gaji ko'ina. Ta ciro nata makullin daga jaka ta ajiye a kan kwalin safar hannu, ta ce, "Ki gaya wa mai waya ya daina kallon bangonki."

Daga baya na ja ta gefe na ce, "Anti, tsakani da Allah, gwada ta kika yi, ko?"

Ta harare ni. "Wane gwaji? So nake wallahi. Har sabon mayafi na saya don ya shiga da launin." Ta shafa furfurarta. "Ashe ni ba rabona ba ne. Ba komai. Da na tafi gida da jan kai da kumburarriyar fuska, ai gara na tafi da farin kaina, na bar mutum a shago."

Anti Jibi, mun gode. Mun gode da tagogin da kika buɗe, da kawunan da kika ƙi taɓawa, da tsakin da kika sha ba ki rama ba. Na gode da ƙanwata, wadda kika karɓa tana sunkuyar da kai, kika mayar mini da ita tana iya duban mutum ta faɗi gaskiya. Allah ya ba hannayenki lafiya, ya sa ki huta da daɗi.

Ku kuma masu shaguna da masu koyo, ku yi koyi da ita. Ku sa safa, ku buɗe taga, ku duba fatar kai kafin ku ɗaga gwangwani, kuma ku koya wa ɗalibanku ƙin abin da bai kamata ba, ko da uwar ɗakinsu ce a kujera. Mu masu zuwa gyara kuma mu rage gaggawa. Ni dai na riga na sallama, don jiya na je da zumuɗina, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta ɗiga mini a bayan kunne, ta ce, "Yaya, ki dawo jibi."