Ba Rashin Uba Ne Ya Kai Rukayya Teburin Nan Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bashir. Duk lokacin da watan ya zagayo, abin da nake yi bai wuce sadaka da kai iyalinsa maƙabarta mu yi masa addu'a ba. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin mutum ne da ba ya son a ambaci sunansa a taro, balle a jarida. Bana na karya wannan al'ada, saboda an ɗauki mutuwarsa ana dukan 'yarsa da ita, ni kuwa na kasa haɗiye abin.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Bashir malamin lissafi ne a wata sakandare a Croydon. Karatu ya kawo shi London daga Kano, ya zauna, ya auro Anti Binta, daga baya ya yi mini hanya na biyo shi. Dogo ne, mai sanyin murya, mai tsananin kunya. Idan aka sako wani talla maras kan gado a talabijin, shi zai miƙe ya ce bari ya duba shayi, alhali shi ne babba a falon.

'Yarsa ta fari, Rukayya, tana da shekara goma ya rasu. Yanzu tana ajin ƙarshe kafin jami'a. A farkon zangon nan, ita da wasu 'yan ajinsu suka fara ajiye tebur a bakin ɗakin cin abinci na makarantarsu, suna yi wa 'yan uwansu matasa bayanin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Suna gaya musu cewa da yawa daga cikin cututtukan ba sa nuna alama, gwaji kyauta ne, sirri ne, kuma akwai magani. Wata nas ce ta koya musu abin da za su faɗa, makaranta kuma ta ba su izini. Abin da ya tunzura su shi ne wata ƙawarsu da ta ɓoye ciwon mara wata da watanni don tsoron iyayenta, har sai da ta yanke jiki ta faɗi a aji.

Wani ya ɗauki hoton Rukayya a bayan teburin, da hijabinta, ya tura zauren WhatsApp na matan ƙungiyarmu ta 'yan gida. Ba hoton ne ya ƙona mini rai ba. Abin da aka rubuta a ƙasansa ne: wai ga abin da rashin uba yake jawowa. Kafin mako ya zagayo an kira Anti Binta an ce Rukayya ta ɗan dakata da taimaka wa ƙananan yara da karatu a Islamiyyar Asabar. Yarinyar da ta yi shekara biyu tana biya musu ba tare da an ba ta ko kuɗin bas ba, rana ɗaya ta zama wadda ake tsoron ta ɓata tarbiyya.

To, tunda an sako ubanta a zancen, bari in faɗi yadda aka yi ta rasa shi. Na nemi izinin mahaifiyarta kafin in rubuta.

Mahaifiyarmu ta rasu a Kano da kumburin ciki, aka ce sammu ne. Bayan wasu shekaru Yaya Bashir ya ba wani abokinsa likita, mutumin Ghana, labarin jinyarta. Likitan ya ce wannan ya yi kama da ciwon hanta na hepatitis B, wanda ake ɗauka ta jini, ta saduwa, ko jariri ya ɗauka daga uwa wajen haihuwa. Ya ce masa ya je a gwada shi, kuma wuri mafi sauƙi shi ne sashen gwajin cututtukan saduwa da ke asibiti a Camberwell. Yaya ya je. Yana dab da ƙofar sai ga wata 'yar ƙungiyarmu ta taso daga aiki. Suka gaisa, ta tambayi Binta da yara, ya ce dubiya ya zo, ya wuce ƙofar kamar bai gan ta ba. Bai sake komawa ba. Ko likitansa na unguwa bai iya buɗe baki ya tambaya ba, don a ransa wannan gwaji na mazinata ne, kuma ya san bakinmu.

Shekaru suka shuɗe yana lafiya lau a ido. Ranar da idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya fara tasowa, likitoci suka ce ciwon ya riga ya zama daji. Watanni kaɗan ya yi. A gadon asibiti, wata rana bayan la'asar, ya ba ni labarin ƙofar nan, yana murmushi irin na wanda ya gane wautarsa a makare. Sannan ya riƙe hannuna.

"Ka je gobe," in ji shi. "Ko shugaban ƙungiya ne a tsaye a bakin wurin, ka yi masa sallama ka shige."

Na je. Aka same ni da ciwon, kuma likita ya ce mai yiwuwa dukkanmu tun haihuwa muka taso da abinmu. Tun daga lokacin nake shan ƙwaya ɗaya kullum, ana duba hantata lokaci-lokaci. Matata da 'ya'yana da iyalin Yaya duk an gwada su, an yi wa masu buƙata rigakafi. Ga ni nan ina tafiya da ƙafata, ina zuwa aiki, ina azumi. Abin da ya raba ni da kabarin da ke kusa da nasa, bayan ikon Allah, ɗan jinin da aka ɗiba a hannuna ne.

A taron ƙungiya na watan jiya, a zauren da muke haya a Camberwell, Alhaji Tanimu, shugabanmu, ya tado maganar bayan an ci abinci. Bai kama suna ba, amma kowa ya san inda ya dosa. Ya ce 'ya'yanmu ba irin 'ya'yan Turawa ba ne, wanda ya kama kansa ba ya buƙatar gwaji, kuma duk mai kiran yara su je a gwada su, ƙofar ɓarna yake buɗe musu. Ya ƙara da cewa da marigayi yana raye da ba a ga wannan abin kunya ba. Mutane suna ta gyaɗa kai.

Na miƙe na ce masa: "Alhaji, marigayin da kake magana ya kama kansa fiye da ni da kai. Irin wannan maganar taka ce ta hana shi shiga a gwada shi, kuma kai ka ja mana sallarsa. Ciwon da ya kashe shi yana jikina yanzu haka. Ni an gwada ni, shi ya sa nake tsaye."

Alhaji ya ce Allah ya ba da lafiya, ya wuce zuwa batun hayar zauren sallar Idi. Babu wanda ya ba da haƙuri, kuma har yau ba a mayar da Rukayya Islamiyya ba. Wani da muka shekara goma muna cin tuwo a faranti ɗaya ya koma ɗebo nasa daban. Wani kuma, cikin masu gyaɗa kan, ya biyo ni har tashar bas, ya waiga hagu da dama, ya tambaye ni ko ana iya yin gwajin ba tare da an je wancan sashen ba. Na ce ana iya yi, ya je ya tambayi likitansa. Na kuma gaya masa cewa amsar da yake raɗa yana nema, ita ce yarinyar da suka kora take bayarwa a fili.

Kada wani ya juya mini magana. Ni musulmi ne, ban ce zina halal ba ce, Rukayya ma ba ta ce ba. Ina yi wa 'ya'yana wa'azin kamun kai kamar yadda aka yi mini. Amma mu daina yaudarar kanmu. Yaranmu a garin nan suke, waya tana hannunsu, suna fita tun safe ba mu san rabin abin da suke gani ba. A cikinsu akwai wanda ya zame sau ɗaya yana nadama, akwai wadda aka yi wa dole ta kasa faɗa, akwai irina da aka haifa da ciwo bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanne daga cikinsu ne muka yanke wa hukuncin ya ruɓe a ɓoye don kada a yi da mu a zauren WhatsApp? Ƙofar tuba a buɗe take ga mai rai. Gawa ba ta tuba. Mun iya tara kuɗin likkafani cikin sa'a guda, mun iya cika gidan makoki da kulolin abinci, amma yarinya ta ce a je a duba jini, sai mu ce ta lalace.

Ina yawan tambayar kaina abin da Yaya zai ce da ya ga wannan zamani, inda ɗalibai ke faɗar sunayen cututtukan da shi ko a zuci ba ya iya ambata. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Na san da farko kunya za ta kama shi, zai yi kwanaki ba ya haɗa ido da kowa a masallacin Regent's Park. Bai bar dukiya ba, bai bar gida ba, inda suke zaune ma hayar ƙaramar hukuma ce. Abin da ya bari shi ne mu da muke numfashi saboda ya daure ya faɗi gaskiya a kwanakinsa na ƙarshe, da kuma yarinyar da ta ji wannan gaskiyar daga bakin mahaifiyarta ta ƙi binne ta.

Ranar da muka je ziyara bana, muna fitowa daga maƙabarta Rukayya ta rage tafiya har mahaifiyarta ta yi gaba. Yawanci da Turanci take amsa mini, amma ran nan da Hausarta mai tsami ta yi tambayar.

"Baffa, da Abba yana nan, zai hana ni?"

Na ce mata: "Zai gwada hana ki. Zai yi mako guda yana zagaye-zagaye, yana turo ni in yi miki magana. Bayan nan zai zauna ya karanta takardun da kuke rabawa layi-layi, da jan biro a hannu, ya gyara muku kurakurai, ya ce a ƙara girman rubutun don na bayan layi su gani."

Ta yi dariya, sannan ta yi kuka, sannan ta ce ranar Alhamis wata makaranta a Peckham ta gayyace su, kuma kwalayen takardun suna da nauyi. Na riga na nemi hutun rabin yini a wurin aiki don in kai ta.

Allah ya jiƙan Yaya Bashir, ya haskaka kabarinsa, ya shirya mana 'ya'yanmu, ya shirya iyayensu.