Sawun da Yaya Idi Ya Gani

A gidanmu na Jugu, wutar murhu ba ta mutuwa da an yi isha'i. Kakarmu, Inna Hajara, takan tura doya cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Yawancin tatsuniyoyinta na ban dariya ne. Amma akwai wadda in za ta fara, sai ta ce, "Ku matso. Wannan ba a yi mata dariya."

Labarin wani bafatake ne da ya ɓace a kurmi da kayan goron mutane, ƙafarsa ta karye. Mutanen kurmi suka tsince shi, dogaye, jiki duk gashi, suna tafiya da ƙafa biyu kamar mu. Wata uwa a cikinsu ta ɗaure masa ƙafar, ta ciyar da shi zuma har ya warke. Da ya koma gari ya ba da labari, aka ƙaryata shi, aka ce goron ya cinye. Don ya wanke kansa, ya kai maharba wurin. Suka cinna wa kurmin wuta.

"Ya sake ganinta, Inna?" in ji yayana Idi.

"Cikin waɗanda aka jawo waje ya gan ta. Da sauran ranta. Kallonsa kawai take yi."

Ranar babu wanda ya nemi doya.

Mu sauran mun girma mun bar labarin a Jugu, amma Idi ya tafi da shi. Ya zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Paraku, kuma duk hutu yakan hau babur ya bi ƙauyuka yana tambayar maharba da Fulani makiyaya abin da suka taɓa gani. Abokansa suna yi masa ba'a, bai damu ba.

Wata damina ya shigo shagona a unguwar Zongo, ya miƙo mini salula. Hoton wani ƙaton sawu ne a laka, babu takalmi, sai kuma shimfiɗar ganye a gindin dutse.

"Yaya, kada ka nuna wa kowa."

"Masu gawayi sun kusa wurin, Rakiya. In na yi shiru, baɗi babu itace ko ɗaya. In duniya ta sani, ƙila hukuma ta hana sara."

"In masu bindiga suka riga hukuma fa?"

A ƙarshe ya raba tsakani: ya saka hotunan a intanet, ya ɓoye sunan ƙauyen. Amma wani ya gane dutsen. Samari suka shiga kurmin da bindigogi, suka ga abu ya motsa bayan kututture, suka harba. Mutum ne, wani mai taɓin hankali da ya daɗe a daji, gashinsa ya cukurkuɗe. Jandarma suka kawo gawar, babu dangin da ya zo nema. Idi da limamin unguwarsu suka yi masa wanka, suka binne shi.

Ina yarinya na ɗauka abin da Inna ke nufi shi ne mutum ya kame bakinsa. Yanzu na ga ba haka kawai ba ne. Da Idi ya yi shiru, da ya bar kurmin a hannun masu gatari, maganarsa kuma ta kashe bawan Allah. Inna ta nuna mana ƙarshen wanda ya faɗa, ba ta taɓa gaya mana abin da ke samun wanda ya yi shiru ba.

Bayan sadakar bakwai, wadda shi kaɗai ya yi, Idi ya zauna a ƙofar shagona.

"Ni na wanke masa ƙafa, Rakiya. Ƙarama ce. Ba shi ya taka lakar nan ba."

"Wa ka gaya wa?"

"Ke."

Na ce ya bar zancen a nan. Har yau ban san ko shawarar kirki na ba shi ba.