Ranar da Na Zama Mai Kare a Panyu

Ni fa ko a Kano, in na hango kare a bakin layi, sake hanya nake yi. Amma a Panyu, can ƙasar waje inda nake zuwa fatauci, na tsaya gaban ma'aikatan gwamnati, da hijabina da carbina, na dafa ƙirji na ce kare nawa ne.

Lokacin ina sarin riguna a kasuwar Shisanhang ina turawa gida. Tsadar otal a unguwar Liuhua Lu ta ishe ni, sai na kama ɗan ɗaki a wani tsohon bene a Panyu. Ƙofata na kallon ta wata tsohuwa 'yar ƙasar, 'yar firit, ba haƙori a gaba. Ina ce mata Iya, ita kuma ta ce min lawban, yadda masu shago ke kiran duk wanda ya zo saye. Da waya muke hira. Ta yi magana a ciki, wayar ta juya min da Turanci, rabi daidai rabi shirme.

A cikin shirmen nan na gane zamanta. Mijinta ya yi aiki a masana'antar takalma, ya riƙa matse bakinsa yana zubi a asusun fansho na ƙashin kansa. Ya rasu, fanshon na zuwa mata kaɗan-kaɗan. To amma tana karɓar tallafin marasa ƙarfi, kuma duk abin da fanshon ya kawo, sai a zare daidai shi daga tallafin. Na ce, "Kai! Ai da ya sani ya ci namansa tun yana da rai!" Ban san me wayar ta faɗa mata ba, ta dai yi dariya har da tari.

Ba ta da kowa sai wani ɗan kare fari, mai gashi buzu-buzu. Tare suke cin shinkafa, tare suke kallon talabijin.

Wata safiya ta buga min ƙofa, kare a hammata. Wayar ta ce, "Masu duba talauci suna zuwa. Ki ajiye ɗana." Wai in suka ga tana iya ciyar da kare, za a rubuta tana da hali, a yanke tallafin baki ɗaya. Ko doka ce, ko tsoron tsohuwa ne, har yau ban sani ba. Na ce, "Iya, kare? A ɗakin da nake salla?" Kafin wayar ta gama juyawa ta dire shi a tsakar ɗakina. Ta koma ta kinkimo sabuwar tukunyar lantarki da fanka mai tsayi, su ma wai alamun arziki ne.

Na naɗe dardumata na ɗora a kan akwati, na haye gado na tattare ƙafafu. Shi kuwa gogan ya bi buhunan kayana yana shinshinawa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan kwastan.

Ana haka sai ga ƙawata, wata Hajiya 'yar Maraɗi da muke haɗa kaya a kwantena ɗaya. Ta turo ƙofa da sallama, suka haɗa ido da kare. Ta ƙwalla salati, ta watsar da ledar samfuri, ta yi baya ta bar ƙofar a wangale. Daidai lokacin masu dubawar, mace da namiji sanye da jajayen riguna marasa hannu, suna tsaye a ƙofar Iya suna leƙa firjinta.

Kare ya fice a guje, bai tsaya ko'ina ba sai ƙafafun Iya. Yana tsalle, yana lasar gwiwarta, jela kamar za ta cire.

Namijin ya nuna shi, ya tambayi Iya. Ta girgiza kai ta ce, "Meyo," wato babu, ba ta da kare. Sai kawai na ji bakina ya ce wa waya, "Nawa ne."

"Hajiya, kin haukace ne?" in ji 'yar Maraɗi.

Na ce, "Rufa min asiri, Hajiya, ki yi shiru."

Macen cikin ma'aikatan ta ce to in kira shi. Ko sunansa ban taɓa tambaya ba. Na tsuguna ina tafa hannu, ina cewa, "Zo nan, ɗan albarka, zo wajen uwarka." 'Yar Maraɗi ta dafe kai tana innalillahi. Kare ko kallona bai yi ba, yana can yana neman Iya ta ɗauke shi. Ma'aikatan suka kalli juna.

Nan Iya ta sunkuya ta cire silifas ɗinta. Ta daka wa karen tsawa, ta tsula masa a gadon baya. Ya tsaya yana kallonta, bai gane ba. Ta ƙara masa, da ƙarfi, a fuska. Ya yi wata 'yar ƙara, ya kwasa ya shige ɗakina, can ƙarƙashin gado.

Suka gamsu. Namijin har ya ja min kunne cewa in riƙa ɗaure karena, kada ya dami tsofaffi. Na ce shishe, na gode. Tallafin Iya ya tsira.

Ƙarar takunsu na ɓacewa a matakala Iya ta shigo ɗakina da guntun naman kaza a tafin hannu. Ba ta ko kalli tukunyarta da fankarta ba. Ta durƙusa a gefen gadon tana kiransa a hankali. Ya ƙara matsawa jikin bango. Wallahi tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Na miƙa mata wayar ko za ta ce wani abu, ta ture hannuna. Ta kwanta rub da ciki a kan siminti, tsohuwa da ita, ta zura hannun da naman can cikin duhun. Muna jin numfashinsa, amma bai taɓa naman ba.