Sunan da Na Kira a Lasifika

A shekarar da aka ba ni sakataren ƙungiyarmu ta Hausawan Riyad, ni na kawo shawarar mu yi walimar tunawa da alhazan da, masu tahowa Makka a ƙasa. Muka kama istiraha a bayan unguwar Badi'a, irin gidan da ake haya na yini guda. Aka samo salka da gafaka da sanduna, mata suka yi dambu da fura da tuwon dawa. Ni kuwa sai kai da kawo nake da lasifika a hannu, ina jin kaina.

Wanda muka sa ya fito a madugun ayari wani dattijo ne mazaunin unguwar Ulaisha, don kakansa ya yi wannan tafiya da ƙafarsa. Aikinsa shara da goge-goge a wani kamfani, kuma na san haka. Ana gobe walima ya kira ni, ya ce 'yarsa da mijinta sun zo Umara, za su biyo su gan shi.

"Sakatare, su dai sun san a ofis nake aiki," in ji shi. "A bar shi a haka."

Na ce haba Baba, ai wannan ba sai an faɗa ba.

Ranar kuwa ya yi kyau. Ya naɗa rawani, ya shige gaba da sanda, ayari na biye da shi suna zagaya fili. Ya kwatanta yadda ake tsaga sanda a ɓoye guzuri a ciki, har yaranmu da Larabci ya fi zama a bakinsu suka yi tsit. 'Yarsa tana daga gefen mata tana ɗaukarsa a waya, bakinta ya ƙi rufuwa.

Bayan La'asar mai gadin istirahar ya zo ya tsaya mini a kai, wai kafin Magariba wasu za su shigo, sai mun bar wurin fes. Na dubi filin: ƙasusuwa, robobi, miya a kan darduma. Na yi shelar neman masu sa kai, kowa ya sunkuya yana latsa waya. Na sake yi, sai na ji ana tayar da motoci. Nan raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina riga hankalina yake yi.

Akwai wata dabara da na gada a wurin sakatarorin baya. In mutane sun ƙi motsi, sai ka kama kiran sunaye a lasifika kana godiya, kamar dama sun yi alkawari. Ba Bahaushen da za a gode masa a bainar jama'a ya ce bai san zancen ba. Sai dai ba kowa ake kira ba. Ban dubi wajen kujeru ba, inda likitoci da manyan ma'aikata suke. Kan tabarma na duba, na kira direbobi da magina ɗaya bayan ɗaya. Da na ga suna tsaye cirko-cirko ba mai tsara su, sai na ce:

"Baba madugu, zo ka nuna musu yadda ake yi, tunda kai sana'arka ce kullum."

Wasu har suka yi dariya. Kafin dariyar ta mutu na tuna.

Bai dube ni ba. Ya warware rawanin a hankali, ya ninke, ya ajiye a kan kujera, ya karɓi tsintsiya a hannun mai gadi. Surukinsa ya kafa ido a ƙasa. Ni na rasa inda zan sa kaina, lasifikar ta yi mini nauyi a hannu. Har yau in na tuna tsayuwar nan sai in ji kunya ta rufe ni, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

'Yar ce ta taso daga cikin mata da sabon leshinta. Ta je ta durƙusa ta ce, "Baba, kawo." Ya ƙi saki, ita ma ta ƙi saki, daga baya ya sakar mata. Sannan ta nufo ni, idonta jawur, ta rusuna kamar yadda ake yi wa babba.

"Yallaɓai, ina ledojin zuba shara?"

Suna ƙarƙashin hammatata tun ɗazu. Da hannuna na miƙa mata.